CIWON HANTA: GARA MAI CIN MAGIDANTA DAGA CIKI

Ƴan uwa manoma da makiyaya, da wuya a samu garin da bai san irin wannan labari ba. Magidanci ne mai ƙarfi, shekarunsa ba su wuce 35 ko 40 ba. Bara shi ya fi kowa noma a gayya. Bana sai ya fara cewa gefen cikinsa na dama na yi masa nauyi. Abinci ya fita ransa. Ya rame, ciki kuma ya kumbura kamar tulu. Idanunsa suka yi rawaya. Aka yi jiƙo, aka yi tsaga, aka sayar da tumaki aka kai shi babbar likita. Can aka ce an makara. Kafin a ɗaure hatsi ya riga mu gidan gaskiya, ya bar mata da yara ƙanana.

A wurin zaman makoki wani ya ce sammu ne. Wani ya ce jifa aka yi masa saboda gona. Rai na Allah ne, kuma kowa da ranarsa. Amma ciwon yana da suna, yana da dalili. Likitoci suna kiransa ciwon dajin hanta, wasu su ce sankarar hanta. Abin mamaki shi ne, sau da yawa ba bana ciwon ya kama mutumin ba. Ya shiga jikinsa tun yana jinjiri ko yana wasan ƙasa, ya zauna shiru shekara talatin yana ci, kamar yadda gara ke cin azara. Daga waje itace lafiya lau. Ranar da ɗaki ya rufta, ranar ake gane ɓarnar.

A wannan wata za mu duba inda ciwon ke fitowa, da abin da ke hannunmu.

MECE CE HANTA, MENE NE AIKINTA?

Duk wanda ya taɓa fiɗar ragon layya ya san hanta. Ta lafiyayyen rago ja ce, mai sulɓi, mai taushi. In mahauci ya ga ta yi tauri ko ta yi ƙuraje, ya san dabbar ba ta da lafiya.

Hantar mutum tana gefen dama, ƙarƙashin haƙarƙari. Nauyinta ya kai kilo ɗaya da rabi. Ita ce rumbun jiki: abin da muka ci, ita ke ajiye amfaninsa, ta riƙa ba jini kaɗan-kaɗan. Ita ce kuma rariyar jiki: tana tace jini, ta fitar da dafi. Ita ke yin ruwan maɗaci mai narkar da mai. Ita ke yin abin da ke sa jini ya tsaya in mutum ya yanke.

Hanta tana da haƙuri ƙwarai. Ko wani sashe nata ya lalace, sauran na ci gaba da aiki, ba ta kuka. Wannan haƙuri nata shi ke ruɗin mu. Ranar da ta fara ciwo, ɓarna ta riga ta yi nisa.

ƘWAYOYIN CUTA IRI BIYAR

Ƙwayoyin cuta masu kumbura hanta iri biyar ne. Ƙanana ne ainun, ido ba ya ganinsu. An ba su sunayen baƙaƙen boko: A, B, C, D da E.

A da E suna shiga ta baki, ta ruwa ko abinci da kashi ya gurɓata. Su ke kawo shawara mai zuwa da zazzaɓi, ido ya yi rawaya, fitsari ya yi ja. Yawanci mutum yakan warke cikin ƴan makonni. Amma E tana da haɗari ga mai ciki. A shekarar 2017 ta ɓarke a jahar Difa, inda mutanen da suka gudo daga gidajensu suka taru wuri ɗaya, ruwa mai tsabta ya yi ƙaranci. Mafi yawan waɗanda suka rasu mata ne masu ciki. Maganin A da E shi ne tsabtar rijiya, da salga, da wanke hannu da sabulu.

B da C su ne masu zama cikin jiki shekara da shekaru. Su ke sa hanta ta ƙanƙance ta yi tauri, daga nan daji ya fito. D ba ta iya zama ita kaɗai, sai a jikin wanda ke da B, ta ƙara masa nauyi. A ƙasarmu, B ce babbar matsala.

Wani likita ɗan Amurka mai suna Baruch Blumberg shi ya gano alamar ƙwayar B cikin jini a wajen 1965. Saboda haka kowace shekara ake tunawa da ciwon hanta a duniya ranar 28 ga Yuli, ranar haihuwarsa.

MATSALA CE TA ƘASA DUKA

Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ƙirga cewa a shekarar 2022 mutum miliyan 254 ke ɗauke da ƙwayar B a duniya. Wannan ya kusan ninka yawan mutanen Nijar sau goma. Masu ƙwayar C kuma miliyan 50. A wannan shekara, su biyun sun kashe mutum miliyan 1 da dubu 300. Wato mutum 3500 kowace rana. Cikin sababbin masu kamuwa da B, fiye da rabi a Afirka suke.

Nijar tana cikin ƙasashen da ciwon ya yi yawa. Likitoci suna sa ƙasa cikin wannan layi in aƙalla mutum 8 cikin 100 na ɗauke da ƙwayar. Ku auna da kasuwar garinku: in mutum ɗari sun taru, takwas ko fiye suna da ita, kuma mafi yawansu ba su sani ba. A Yamai ana rubuta masu ciwon daji cikin rajista tun 1992. Wannan rajista ta nuna dajin hanta yana sahun gaba cikin dajin da ke kama maza.

A Turai, dajin hanta ciwon tsofaffi ne. A nan yana ɗaukar mutum yana tsakiyar ƙarfinsa. Mai riƙe da hauya yake ɗauka, mai kai dabbobi mashekari, mai ciyar da tsofaffi da yara. Gona ta kwana ba shuka. Garke ya ƙare wajen kuɗin mota da na magani. Yaro ya bar lakwal ya tafi bida. In aka tara irin wannan asara gari-gari, daga Tawa har Damagaram, ta zama asarar ƙasa.

TA INA ƘWAYAR B KE SHIGA?

Ƙwayar B tana cikin jini da ruwan jiki. Hanyoyinta su ne:

Daga uwa zuwa ɗa, a lokacin haihuwa.

Tsakanin yara ƙanana, ta gyambo, ƙazwa da ƙujewa, in jinin wani ya taɓa raunin wani.

Ta aska ko reza ɗaya da aka yi wa mutum da yawa aiki da ita: aski, kaciya, tsagar gado, tsagar magani, ƙaho, cire belu, hujin kunne, yankan farce.

Ta allura ɗaya da aka soka wa mutum biyu, kamar yadda masu yawo da magani a kasuwa ke yi.

Ta saduwa tsakanin namiji da mace.

Ta ƙarin jinin da ba a gwada ba. Shi ya sa wuraren ƙarin jini na gwamnati ke gwada kowane jini kafin a sa wa majinyaci.

Ƙwayar tana da taurin rai. Ko jini ya bushe a bakin aska, tana iya kwana bakwai da ranta. Shafe aska a tsumma ko a tafin hannu ba ya kashe ta.

Ga kuma hanyoyin da ba ta bi. Ba a ɗaukarta ta gaisawa. Ba a ɗaukarta ta cin tuwo a ƙwarya ɗaya ko shan fura da ludayi ɗaya. Tari ba ya kawo ta, sauro ba ya kawo ta. Uwa mai ƙwayar B za ta iya shayar da ɗanta nono. Don haka babu dalilin ware wa mutum kwano, babu dalilin gudunsa.

ME YA SA JINJIRI YA FI SHIGA HAƊARI?

A nan ne zancen ya fi muhimmanci. In ƙwayar B ta kama babban mutum, jikinsa yakan yi faɗa da ita ya kore ta. Cikin manya 100, ba su kai 5 ba waɗanda za ta zauna musu. Amma jikin jinjiri bai san ta ba, bai iya faɗa da ita ba. Cikin jarirai 10 da suka kamu, 9 za su zauna da ita har girma.

Yaron zai tashi lafiya. Zai yi kiwo, ya yi kokawa, ya yi aure. Ƙwayar tana nan tana aikinta. Ba duka ne za su yi daji ba. Amma kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka kamu tun yarinta, taurin hanta ko daji ne zai zama ajalinsa in ba a kula da shi ba.

Ashe magidancin da muka ba da labarinsa, tun yana goye aka yi masa shukar.

ABOKIN ƁARNA YANA CIKIN RUMBU

Ƙwayar B tana da aboki, kuma manomi ya san shi da ido. Shi ne funfunar da ke kama gujiya da masara da dawa in an ajiye su da danshi. Takan yi kore-kore ko rawaya-rawaya. Gujiyar da ta kama takan yi ɗaci. Wannan funfuna tana zuba wani dafi da ake kira afalatoksin.

An gano dafin a Ingila a 1960, lokacin da talotalo wajen dubu 100 suka mutu bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gujiya. A Kenya, a 2004, mutum 125 suka mutu saboda cin masarar da dafin ya yi wa yawa. Amma yawanci ba ya kashewa nan take. Kaɗan-kaɗan yake shiga, cikin miya, cikin ƙuli-ƙuli, cikin kunu, yana raunana hanta.

Wuta ba ta kashe shi. Ko an soya, ko an dafa, yana nan. In an matse mai, mafi yawan dafin a tunkuza yake zama. In an ba saniya ko akuya abincin da ya yi funfuna, wani sashe na dafin yana fitowa cikin nono. Makiyayi ya lura da wannan.

Mutumin da ke da ƙwayar B kuma yana cin wannan dafi, haɗarin daji gare shi ya ninka sau da yawa bisa wanda ke da ɗaya kaɗai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙwayar ta tsaga bangon, dafin ya shiga.

Mu faɗa wa juna gaskiya. A ƙasar gujiya, irin su Maraɗi da Damagaram, me muke yi in mun ɓare? Mai kyau mu auna ta tafi kasuwa. Ƙanana da fasassu da masu baƙi mu ce na miya ne, ko a sayar da su da arha ga masu ƙuli-ƙuli. Wato mun sayar da lafiya, mun ajiye wa yaranmu dafi.

Gyaran ba ya bukatar kuɗi mai yawa:

A cire gujiya da zarar ta nuna, kada ta daɗe cikin ƙasa.

A kife ta ƴaƴan na kallon rana. In an tsinke, a shanya bisa tabarma ko tamfol, ba bisa ƙasa ba. A rufe ta in hadari ya taso, a kwashe kafin raɓa.

A bari ta bushe sarai, har ta riƙa ƙara in an girgiza.

A tsince. Duk wadda ta yi funfuna, ta yanƙwane, ta fashe ko ƙwari suka huda, a binne ta ko a ƙone. Kada mutum ya ci, kada dabba ta ci.

A ɗora buhu bisa itace, nesa da bango, inda iska ke shiga. A gyara yoyon rumbu kafin a zuba sabon amfani.

An gwada irin waɗannan dabaru a ƙauyukan Kindiya, a ƙasar Gine. Sakamakon da aka bayyana a 2005 ya nuna dafin da ke cikin jinin mutanen da suka bi su ya ragu da fiye da rabi. Tabarma da tsinta da katako ne suka yi wannan aiki.

ALLURAR RIGAKAFI

Tun farkon shekarun 1980 aka samu allurar rigakafin ƙwayar B. Tana da ƙarfi. A tsibirin Taiwan, a gabashin Asiya, an fara yi wa jarirai ita a 1984. A lokacin, yaro 1 cikin 10 na ɗauke da ƙwayar. Bayan shekaru, ba a samun ko 1 cikin 100, kuma dajin hanta ya ragu cikin yaran. A nan Afirka ta Yamma, Gambiya ta fara a 1986, aka ga yaran da aka yi wa sun tsira daga zaman ƙwayar a jikinsu.

A Nijar, tun 2008 rigakafin B yana cikin allurar nan mai kare yaro daga cuta biyar a haɗe. Sau uku ake yin ta: in jinjiri ya yi sati 6, sai sati 10, sai sati 14. Kyauta ce. Amma sai an cika ukun. Allura ɗaya kamar shuka ce ba noma.

Akwai kuma allurar ranar haihuwa. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ce a yi wa kowane jinjiri ita cikin awa 24 na farko, don ita ke tare ƙwayar da ke zuwa daga uwa. Ga dalili babba na haihuwa a likita. Jinjirin da ke ɗaki ana jiran suna, kwana bakwai sun wuce shi. Mai ciki ta nemi a gwada jininta tun wajen awo, ta yi wa ungozomar likita zancen wannan allura. In an ga ƙwayar ta yi yawa a jininta, akwai maganin da ake ba ta a watannin ƙarshe na ciki don kare ɗan.

Maigida, wannan aikinka ne kai ma. Kai ke ba da izini, kai ke ba da amalanke da kuɗin hanya. Ka karɓi karnen yaronka ka duba, yanzu da ka iya karatu. In allura uku ba su cika ba, a koma. Makiyayi mai tafiya da dabbobi ya riƙe karne cikin jaka. Kowace likita ya tarar a hanya za ta iya cika masa.

MU MANYA FA?

Wanda aka haifa kafin 2008 bai samu wannan allura yana jinjiri ba. Abin da ya rage mana shi ne gwaji. Ɗigon jini kaɗan ake ɗauka. Ba a gane mai ƙwayar B da ido, ko likita bai iya ba sai da gwaji.

In an gwada ba ka da ita, ana iya yi maka rigakafi. In kana da ita, kada ka yanke ƙauna. Ba hukuncin mutuwa ba ne, ba kuma shaidar lalata ba ce, tunda yawancinmu tun yarinta muka samo ta. A gwada matarka, da yaranka, da waɗanda kuke uwa ɗaya. Kada a saki mace saboda gwaji. Wanda ba ya da ita cikin ma'aurata, allura za ta kare shi.

Likita zai duba ko hantarka na bukatar magani. Akwai ƙwaya mai suna tenofobir, ana shan ɗaya kullum. Ba ta fitar da ƙwayar B ɗungum, amma tana danne ta, hanta ta huta, haɗarin daji ya ragu. Yawanci shan ta na tsawon rai ne. Wanda ya fara kada ya bari da kansa, don ciwon na iya tasowa da ƙarfi. Wanda bai bukaci magani ba tukuna, ya riƙa komawa ana duba shi.

Ƙwayar C ba ta da allurar rigakafi, amma tana da magani mai warkarwa. Wata uku ana sha, fiye da mutum 9 cikin 10 su rabu da ita. Ƙasar Masar, wadda C ta yi wa katutu, ta gwada miliyoyin mutanenta a 2018 da 2019, ta ba masu ita magani, har ciwon ya ja baya ƙwarai.

Mai ƙwayar B ko C ya nisanci giya da burkutu. Ya bar sayen ƙwayoyi barkatai a tire. Ya yi hattara da jiƙe-jiƙen da bai san abin da ke ciki ba, don duk abin da aka sha, hanta ce ke tace shi, kuma hanta mai rauni ba ta ɗaukar kaya. Tsaga a ciki ba ta kai ga hanta. Jini kawai take zubarwa, ta bar ƙwayar a bakin aska.

A garzaya likita in an ga ɗaya daga cikin waɗannan: nauyi ko ƙulli a gefen dama, rama ba dalili, kumburin ciki ko ƙafafu, rawayar ido, aman jini, ko baƙin kashi. Akwai manyan likitoci a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, akwai kuma cibiyar ƙasa ta yaƙi da ciwon daji a Yamai. Amma dajin hanta in ya girma, da wuya a ci ƙarfinsa. Itace tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

KIRA GA WANZAMAI DA SHUGABANNI

Wanzami mutum ne mai daraja a gari. Shi ke aski ranar suna, shi ke kaciya. Ba a ce ya bar gadonsa ba. Abin da ake roƙo shi ne reza sabuwa ga kowane kai. Wadda aka yi aiki da ita a jefa ta salga, kada yara su tsinta. Kayan ƙarfe da ƙaho a wanke su da sabulu, a tafasa su sosai kafin a taɓa wani. Uban yaro ya zo da rezarsa. Kuɗinta bai kai na goron suna ba.

A 2016 ƙasashen duniya sun yi alkawarin karya ƙarfin wannan ciwo kafin 2030. Aikin hukuma shi ne kusanto da gwaji da magani ga mutanen karkara, da kai allura har rugage da tungaye. Amma hukuma ba ta shiga rumbun kowa, ba ta riƙe askar kowa. Maigari ya yi shela ranar rigakafi. Liman ya tuna wa jama'a bayan salla. Ƙungiyar manoma ta sa ido kan shanya da tsinta. Mata masu ƙuli-ƙuli su ƙi sayen ruɓaɓɓiyar gujiya ko da arha ce.

Kai da ka karanta wannan, ka karanta wa waɗanda ba su iya ba, a dandali ko a ajin yaƙi da jahilci. Kaka na tafe. Kafin a zuba gujiya a buhu, a shimfiɗa tabarma a tsince. Kafin jinjirin gidanku ya cika wata huɗu, a duba karnensa a ga allura uku.

Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.